Amsa ga Malamin da Aka Ba Kalkulas na Ɗaliban Kasuwanci, Kimiyyar Halittu da Zamantakewa

Malam, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarka: an haɗa maka ɗaliban kasuwanci da na kimiyyar halittu da na zamantakewa a aji guda ka koyar musu da kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke canjawa, yawancinsu kuma tsoron lissafi suke, ta ina za ka fara? Na daɗe ina koyar da irin wannan aji, bari in faɗa maka abin da na gani.

Shekarata ta farko na koyar da su yadda aka koyar da ni. Na kwashe makonni a kan limit (ƙimar da lissafi ke kusantowa) da hujjoji, ga tirigonometiri. Da jarrabawa ta zo suka zubo mini abin da suka haddace, amma da na tambayi wata ɗaliba mai ƙwazo ma'anar amsar da ta samu, sai ta yi shiru. Abin ya dame ni ƙwarai, don laifin ba nata ba ne. Waɗannan yara ba injiniyoyi za su zama ba. Abu biyu suke bukata su riƙe har tsufa: deribatib saurin canji ne, intigiral kuma tara canjin ne wuri guda. In ka dasa wannan, sauran duk reshe ne.

Ga misalin da nake buɗe darasi da shi yanzu. Mai zoɓo tana kashe naira 100 a kan kowace gora. In ta sayar a 200, gora 300 ke tafiya a rana, duk naira 10 da ta ƙara kuma sai cinikin ya ragu da gora 10. Nawa za ta sa kuɗin? Kada ka rubuta komai a allo tukuna, bar su su yi gardama. Wasu za su ce ta karya farashi ta sayar da yawa, wasu su ce ta tsauwala. Sai su lissafa da hannu: a 200 ribarta 30,000, a 300 ta kai 40,000, a 400 ta koma 30,000. Yanzu sun ga tudun da idonsu. Daga nan ka kira farashin gora p, ka rubuta riba a matsayin (p − 100)(500 − p), ka fitar da deribatib, 600 − 2p, ka nuna a 300 yake zama sifili, wato ƙolin tudun, inda ƙarin naira ɗaya ba ya ƙara riba. Ɗalibin tattalin arziki da ya fahimci wannan ba zai sha wahala ba ranar da aka zo maganar kuɗin da samar da ƙarin kaya guda ɗaya ke ci.

Na kimiyyar halittu kuwa ƙwayar E. coli nake kawo musu, wadda a yanayi mai kyau take ninkuwa duk minti 20. A awa 7 guda ɗaya ta haura miliyan 2. Sai in tambaye su: to me ya hana ta cika duniya? Su da kansu za su ce abinci da wuri ne ke ƙarewa. Wannan amsar tasu ita ce abin da Verhulst, masanin lissafi ɗan Beljiyam, ya mayar lissafi a 1838: yaɗuwa mai sauri da farko, sannan ta lafa yayin da ta kusa iyaka. Tsarin da masana biyu, Kermack da McKendrick, suka fitar a 1927 kan yaɗuwar annoba ma a kan saurin canji ya ginu, kuma ɗaliban da suka ga zamanin korona ba sa bukatar a roƙe su su saurara.

Na zamantakewa su ne aka fi mantawa da su, alhali misalinsu ya fi kowanne daɗi. Ka ce musu gwamnati ta sanar hauhawar farashi ta ragu, amma uwargida ta dawo daga kasuwa tana cewa kwanon shinkafa bai sauko ba. Wa ya yi ƙarya? Babu. Farashi na ci gaba da hawa, saurin hawan ne ya ragu. Ka koyar da deribatib na biyu ke nan, wato yadda shi kansa saurin ke canjawa, ba tare da ka tsorata kowa ba. Ƙidayar 2006 ta ba Najeriya mutum miliyan 140. In ana ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, raba 70 da 3, ka ga adadin zai ninka cikin kusan shekara 23. Ma'aunin Gini na tazarar mai kuɗi da talaka kuwa daga filin da ke tsakanin layuka biyu a giraf ake lissafa shi, ga intigiral ya shigo da ƙafarsa.

Amma Malam, in faɗa maka gaskiya, ba kalkulas ke kayar da su ba, aljebra ce. Buɗe baka, haɗa ɓangarorin lamba, dokokin logaridim, a nan suke zubewa. Ka yi musu ƙaramin gwaji a makon farko, ba na maki ba, ka ga inda ramin yake, sannan ka riƙa ware minti goma a farkon kowane darasi kana cike shi. Kada ka ce ai ya kamata sun sani tun sakandare. Da yawansu sun zo daga makarantun da malamin lissafi ɗaya ke riƙe da ajujuwa da dama, kuma faɗin hakan kunya kawai yake ƙara musu.

Tirigonometiri ka rage shi sosai in manhaja ta ba ka dama, ka ba da lokacin ga lambar e (kusan 2.718) da logaridim, don su ne za su riƙa cin karo da su a kuɗin ruwa da raguwar magani a jini da yawan jama'a. GeoGebra da Desmos kyauta ne kuma suna aiki a waya. Sa su zana giraf su ja lambobi su ga yadda layi ke motsi.

A jarrabawa, kowace tambaya ina ware maki ga jimla guda: faɗi da kalmominka me wannan lamba take nufi, naira nawa a kan gora nawa, ƙwaya nawa a awa. Ka sanar da su wannan tun ranar farko. In ajin naka ya haura mutum ɗari, gaya mini, sai in turo maka yadda nake raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da misalin fanninsa.