Ku Tambayi Mai Hoto: Yanyawa da magariba, hotuna sun ƙi fita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga wajen Gashuwa, ina ɗan taɓa hoton biki, ina da Canon 700D da dogon gilashi 55-250mm da na saya na hannu. A bayan gonar kawuna akwai ramukan yanyawa, suna fitowa daf da magariba, amma duk hoton da na ɗauka ko ya yi duhu ko ya yi dishi-dishi. Ina ganin na Turawa a Instagram tas-tas har gashin baki kana ƙirgawa. Sai na tara kuɗi na sayi 600mm ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Riƙe kuɗinka tukuna, kar ka sayi komai.

Da farko daina auna kanka da waɗancan hotunan. Da yawansu jar yanyawa ce ta Ingila, wadda ke yawo cikin unguwannin Landan tana tonon kwandon shara, ta saba da mutane har ana matsowa kusa da ita ba ta gudu, sannan su a watan Yuni bayan rana ta faɗi haske yakan jima wajen minti 45, mu kuwa nan minti ashirin da 'yan kai duhu ya rufe, in lokacin hunturu ne da hazo ma tun rana ba ta faɗi ba hasken ya mutu. Taka kuma yanyawar Sahel ce, mai launin yashi da baƙi a ƙarshen wutsiya, 'yar ƙarama da kyar take wuce kilo uku, kuma dabbar dare ce, da rana tana can ƙasa cikin rami mai tsawon da kan kai mita 15. Aikinka ya fi nasu wuya, gaskiyar magana kenan.

Shi 150-600mm ɗin da kake hange, a ƙarshen zuƙowarsa ƙofar haskensa f/6.3 ce, wato ya ma fi naka duhu tunda naka f/5.6 ne, ga nauyi wajen kilo biyu, kuma duk yadda gilashi ya ƙara tsawo haka rawar hannu ke ƙara fitowa a hoto. Wanda ke maganin duhu da gaske shi ne mai f/2.8, yana shigar da haske ninki huɗu na naka, amma kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne, mu bar shi.

Ina kyautata zaton matsalarka tsoron ISO ce, wato lambar da in ka ɗaga ta hoto ke ƙara haske a duhu. Masu hoton biki an koya musu kar su wuce 800 wai hoto zai yi yashi-yashi, to da ka bar ISO a ƙasa sai kyamara ta rama da jan shata, wato ta daɗe a buɗe tana shan haske, ta sauko 1/30 ko 1/15 na daƙiƙa, a nan kuwa ko numfashinka ya isa ya ɓata hoto balle dabbar da kunnenta kaɗai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Hoto mai yashi-yashi ana gyara shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai dai shara. Ka haddace wannan kafin komai.

Yadda za ka yi: juya zuwa M, inda kai ne ke saita komai da kanka, ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya f/5.6, shata 1/400, don kyamararka tana ninka tsawon gilashi sau 1.6, ka ga 250mm ya zama kamar 400mm kenan, shi ya sa 1/400 don kar rawar hannu ta fito. ISO ka sa shi otomatik ka ba shi dama ya hau har 6400. Kuma RAW za ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ba JPEG ba, manhajar Canon ta Digital Photo Professional kyauta ce kuma tana rage yashin sosai. Kar ka yi dabarar ɗaukar hoto mai duhu a ISO kaɗan da nufin ka haskaka shi daga baya, a irin waɗannan tsofaffin Canon ɗin nan ne ma yashin ya fi muni.

Idan haske ya ƙara ja baya sai ka fara sauke shata, 1/200, 1/125, amma fa da sharaɗi biyu, kyamara na zaune kan wani abu kuma dabbar ta tsaya. In ba ka da mai ƙafa uku ba komai, ka cika 'yar jaka da gero ko wake ka ɗora gilashin a kai kana kwance rub da ciki, wallahi ya ma fi, don hoto ya fi kyau idan ido da ido kuke da ita a ƙasa. Yanyawa tana da ɗabi'ar in ta leƙo daga rami ta tsaya cak ta saurara kafin ta wuce, wannan 'yan daƙiƙun su ne naka, danna ka riƙe ya ɗauki biyar ko shida a jere, yawanci ɗaya a tsakiya zai fito. IS ɗin da ke jikin gilashinka ka bar shi a kunne, sai dai ka sani rawar hannunka yake gyarawa, ba ruwansa da motsin dabba.

Sai fokas. A duhu kyamara kan yi ta kai-komo ba ta kama komai ba. Zaɓi ɗigon fokas na tsakiya shi kaɗai, shi ya fi gani, ka ɗora shi kan ido. In ya ƙi, tun da sauran haske ka saita fokas a bakin ramin ta allon baya ka zuƙo sau goma ka tabbatar, sannan ka mai da gilashin MF, wato fokas na hannu, ka ƙyale shi haka. Ka kashe ƙarar ɗin nan ta "tit-tit", ka kuma tabbatar filashin saman kyamara a rufe yake don yana yin walƙiya wai yana taimakon fokas.

Abin da ya fi duk wannan saiti kuwa shi ne kusanci. Ka je tun bayan la'asar ka kwanta kamar mita 20 daga ramin, iska na busowa daga wajensu zuwa wajenka, ba turare ba waya, kaya masu launin ƙasa, kuma kullum wuri ɗaya har su ɗauke ka kamar kututture. Ka duba ƙasa da kyau kafin ka kwanta, kunama da maciji su ma lokacin fitarsu kenan. Ni a ganina asuba ta fi ma, ka idar da salla ka wuce, haske ƙaruwa yake maimakon raguwa, iska ba ta tashi ba, kuma ba ka cikin fargabar magariba za ta kuɓuce maka. Sannan don Allah ka sanar da mai gari da kawunka, a halin da ake ciki mutum kwance a daji da dogon abu baƙi a hannu ba abin wasa ba ne.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Daga Zinder nake. Wani abokina ya ce in riƙa zuba musu kan kifi ko hanjin kaza, in haska su da babbar tocila in sa filashi. Ya kake gani?

AMSA: Lafiya lau ɗan'uwa. Abincin kam kar ka soma. Yanyawa tana da abincinta, fara, ƙwari, ɓeraye, ƙadangaru, 'ya'yan itace har da guna, ba ta buƙatar naka, kuma ranar da ta koyi cewa mutum na zuwa da nama to akurkin kajin ƙauye za ta nufa, daga nan sai tarko da karnuka, kai ka samu hotonka ita ta rasa ranta. Ga kuma ciwon haukan kare da dangin karnuka duka kan ɗauka, ba dabbar da za ka so ta saba matsowa jikinka ba ce.

Filashi kai tsaye ma ko ta fuskar hoto bai da kyau, idanu su fito kamar fitilun mota, baya ya yi baƙi ƙirin, dabbar ta firgita ta shige rami ba za ka sake ganinta a daren ba. In dole sai ka haska, 'yar tocila mai rauni ka rufe bakinta da jar leda, wani ya riƙe maka ita daga gefe, kar a dalle mata ido, kuma ka taƙaita. Idan akwai 'ya'ya a ramin ka ƙara ja baya. In ka saka hoton a Facebook, rubuta jihar kawai ya isa, kar ka faɗi sunan ƙauyen, masu farauta da masu kama su don sayarwa su ma suna da waya.