Me Ya Sa Alkaliniti Ke Sauka a Tankin Murjani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon murjani masu ƙashi a tankin ruwan gishiri mai cin lita 200. Duk sanda na canza ruwa alkaliniti yakan kai 9 dKH (ma'aunin da ake auna shi da shi), amma kafin mako ya zagayo sai ya sauka zuwa 7, kalsiyam kuwa kamar bai motsa ba. Shin kayan gwajina ne suka lalace?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Da wuya laifin kayan gwajinka ne, murjaninka ne ke girma. Alkaliniti shi ne ƙarfin da ruwa yake da shi na shanye asid, kuma a ruwan teku bikabonet da kabonet ne ke ɗauke da kusan duk wannan nauyi, sannan su ne murjani ke haɗawa da kalsiyam ya gina ƙashinsa. Idan ya ci 2 dKH, kalsiyam ɗin da zai tafi tare da shi kusan ppm 14 ne kawai (wato miligiram 14 a kowace lita), alhali ruwan yana ɗauke da sama da ppm 400, shi ya sa gwajin gida da ƙyar yake nuna raguwarsa.

Ruwan teku yana kusa da 7 dKH, masu kiwo kuma sukan tsaya tsakanin 7 da 11. A ganina 8 da ba ta motsi ta fi 9 mai hawa da sauka, domin jujjuyawar ce ke wahalar da murjani. Ka kuma guji kai alkaliniti sama sosai idan sinadaran gina jiki na naitret da fosfet sun yi ƙaranci a tankin, saboda a nan ne ƙarshen rassan Acropora, wani nau'in murjani mai rassa, ke fari kamar an ƙona su.

Ka fara da auna abin da tankin ke ci. Ka yi gwaji a lokaci guda kwana uku a jere ba tare da ka zuba komai ba. Ka ɗebi ruwan da sirinji mai tsabta, ka riƙa ɗiga maganin gwajin ɗigo-ɗigo kana kaɗa kwalbar, farar takarda na bayanta, har launin ya sauya ya tsaya. Bisa lissafinka, tankin yana cin kusan 0.3 dKH a rana.

Giram 3 na sodiyam bikabonet, wato bekin soda tsantsa, suna ɗaga lita 100 da kusan 1 dKH, don haka abin da kake buƙata kullum bai kai giram 2 ba, musamman da yake duwatsu da yashi sun cinye wani ɓangare na litocin. Ka narkar da shi a tataccen ruwa, ka zuba a hankali inda famfo ke kaɗa ruwa sosai, kuma kada gyaran ya wuce 1 dKH a rana. Kalsiyam a ba shi nasa lokacin daban, domin idan shi da bekin soda suka haɗu wuri ɗaya ruwan zai yi fari, su daskare su kwanta. Idan ka yi duk wannan alkaliniti ya ƙi zama, ka duba magnesiyam, wanda ya kamata ya kasance tsakanin ppm 1250 da 1350.