Amsa: Me ya sa injin ƙananan motoci yake kwance a gicciye?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ƙananan motocin iyali na yanzu kusan duk injinsu yake a gicciye, tayoyin gaba ne kuma ke jan su, da inda wannan tsari ya samo asali. Na daɗe ina aikin gyaran irin waɗannan motoci, kuma a ganina ba za a fahimci al'amarin ba sai an koma kan motar Mini ta Ingila.

Rikicin mashigin Suwez na 1956 ya jawo ƙarancin fetur a Birtaniya har aka koma sayar da shi da ƙayyadewa. Shugaban kamfanin ƙera motoci na BMC, Leonard Lord, ya umarci injiniya Alec Issigonis da ya ƙera motar da tsawonta bai wuce ƙafa 10 ba, wadda za ta ɗauki mutum huɗu da kayansu. A yawancin motocin wancan zamani injin yana miƙe ne daga gaba zuwa baya, giya na bayansa, sannan furofela ta ratsa ƙarƙashin motar zuwa tayoyin baya, duk suna cin wurin zaman mutane. Issigonis ya juya injin mai cc 848 ya kwantar da shi a gicciye, ya sa giya a ƙarƙashinsa cikin mazubin baƙin mai, ya mayar da lagireto gefe, ya kuma tura ƙananan tayoyi masu inci 10 can kusurwoyi huɗu. Da haka kusan kashi 80 cikin ɗari na shimfiɗar motar ya zama na fasinja da kaya. Har ƙofofin ma bai bari ba: gilashinsu turawa ake yi gefe, don haka cikin ƙofar ya zama aljihun ajiye kaya, maɓallan da ƙofa ke juyawa a kansu kuwa a waje suke, domin a rage kuɗin ƙira.

Motar ta fito a watan Agustan 1959 a kan ƙasa da fam 500, kuma an ce da kamfanin Ford ya warware ɗaya ya yi lissafi, ya ga ana asarar kimanin fam 30 a kan kowace. An ƙera fiye da miliyan 5 kafin a daina a shekarar 2000.

Sai dai abin da kake gani yau idan ka buɗe bonet ba tsarin Issigonis ba ne tsantsa. Tun da a Mini injin da giya mai ɗaya suke sha, duk ɓarɓashin ƙarfen da haƙoran giya suka zubar yana yawo cikin man injin, shi ya sa masu ita ba sa wasa da juyen mai, kuma taɓa giya yana nufin a ɗago injin gaba ɗaya. Dante Giacosa na Fiat ne ya raba su, ya ajiye giya a gefen injin da nata man daban, a motar Autobianchi Primula ta 1964 sannan Fiat 128 ta 1969, kuma wannan ne sauran kamfanoni suka bi. Idan ka leƙa ƙarƙashin motarka, galibi za ka tarar sandunan da ke juya tayoyin gaba ɗaya ya fi ɗaya tsawo, saboda giyar ba a tsakiya take ba.