Tambaya da Amsa: Ina karatun lauya, kawuna ya ce sana'ar kuɓutar da ɓarayi nake koyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗaliba ce 'yar Talata Mafara, ina aji uku a tsangayar shari'a. Bana muka shiga dokar laifuka, kuma hankalina ya fi karkata ga yadda ake tafiyar da shari'ar wanda ake tuhuma, tun daga kamu har yanke hukunci. Sai dai abu biyu sun dame ni. Na farko, har yau ba a ware mana darasi a kan wannan ba, sai tsince-tsince a wasu darussa. Na biyu, duk hutun da na je gida sai kawuna ya ce a jihar da 'yan bindiga suka hana mutane noma, ni kuma na tafi koyon yadda ake kuɓutar da ɓarayi. Ta yaya zan karanci fannin nan sosai, kuma me zan ce wa kawu?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa karatu albarka, 'yata, a kuma gaishe da kawu.

Rashin ganin darasin a jadawalinku ba abin tayar da hankali ba ne, haka tsarin yake a yawancin jami'o'inmu. A shekaru biyar na digirin lauya ana koyar da tsarin mulki, da dokar laifuka, da dokar shaida, kowanne a ajinsa. Amma yadda ake rubuta tuhuma, da neman beli, da yi wa shaida tambayoyi, wannan sai a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari, kuma tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Can ɗin kuwa shekara ɗaya ce, a guje ake yin ta. Wanda ya isa can bai taɓa ganin takardar tuhuma da idonsa ba yakan sha wuya. Idan kina ɓangaren da ake haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci, kamar yadda ake yi a Sakkwato da Zariya da Kano, za ki haɗu da darasin Murafa'at, wato ƙa'idojin gudanar da shari'a a Musulunci, ki riƙe shi da kyau, zan faɗi dalili a gaba.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne kada su bi littafi babi-babi. Ki ɗauki mutum guda a ranki, ki ce an kama shi ranar kasuwa bisa zargin satar saniya, sai ki bi shi taki-taki, a kowane mataki ki tambayi kanki: wace doka ce ke aiki a nan, wa ke da iko, kuma kwana nawa aka ba shi?

Daga caji ofis za ki fara, kuma sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ne fitilarki. Mutumin nan yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Ki lura da ƙaramin sashe na 7, domin ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'ida ta gaggauta kai shi kotu. Ɗalibai da yawa kan haddace kwana ɗaya da kwana biyu su manta da wannan togaciya, a nan kuma malami ke kama su a jarrabawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda kowa ke kira ACJA, ta ƙara abubuwan da mutanenmu suka fi jin raɗaɗinsu: sashe na 7 ya haramta kama wani a madadin wani, wato a ɗauke uba ko mata don ɗa ko miji ya gudu, sashe na 8 kuma ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki.

Kafin ki bi shi zuwa kotu, ki san wace kotun. A Zamfara hanya uku ce. Akwai kundin Penal Code na tsohuwar Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, aka tsara shi bisa samfurin na Sudan, shi ne na kotunan majistare da Babbar Kotun jiha. Akwai kundin laifuka na shari'ar Musulunci da ya fara aiki a watan Janairun 2000 zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, wanda kotunan shari'a ke aiki da shi a kan Musulmi, yana kuma da nasa kundin na ƙa'idojin gudanarwa. Sannan akwai laifukan tarayya irin su miyagun ƙwayoyi da ta'addanci, waɗanda ke zuwa Babbar Kotun Tarayya. ACJA ta kotunan tarayya ce da Abuja. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan tsarinta, kuma lambobin sassan ba lallai su zo ɗaya ba. Lauyan da ya tashi a kotun jiha ya kafa hujja da sashen dokar tarayya a inda dokar jiha ke aiki, alƙali zai zaunar da shi tun bai kai aya ba.

Ranar da aka gurfanar da shi ita ce nake so ki gani da idonki, ba a takarda ba. Ki je kotun majistare da safe ki zauna a bencin baya. Za a kira ƙara, mutum ya shiga akwati, wataƙila da rigar da aka kama shi da ita. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙa rahoton farko, wanda ake ce wa FIR, a rubuce da Turanci. Ma'aikacin kotu ya karanta, ya juya da Hausa cikin sauri, ya ce ka gane? Mutumin ya ce e. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba? Ya fara bayani mai tsawo, cewa saniyar dai a hannunsa aka same ta, amma saye ya yi. To me alƙali ya rubuta? Ya amsa laifi, ko ya musanta? Duk shari'ar tana iya rataya a wannan minti biyun. Sashe na 36(6) na tsarin mulki ya ce a sanar da shi laifin dalla-dalla da harshen da yake fahimta, a ba shi lokaci da halin shirya kariya, ya kare kansa ko ya ɗauki lauyan da yake so, ya yi wa shaidun masu ƙara tambayoyi, a kuma ba shi tafinta kyauta. Kotun Ƙoli a shari'ar Kajubo ta 1988 ta nuna cewa idan ba a karanta tuhuma an bayyana wa mutum ita yadda doka ta tsara ba, duk abin da ya biyo baya ya rushe. A yankinmu ba kowa ne Hausa ta zauna a bakinsa ba. Akwai mai Fulatanci, a Kebbi akwai mai Zabarmanci da mai Dakarci. Iya ciniki da Hausa a kasuwa daban, fahimtar tuhumar haɗa baki da karɓar kayan sata daban.

Wurin da na fi so ki ɓata lokaci shi ne iƙirari, domin shari'o'in laifi da yawa a ƙasar nan ba su da wata ƙwaƙƙwarar hujja sai takardar da aka ce mutum ya amsa laifinsa a ofishin 'yan sanda. Sau tari da Turanci aka rubuta, ga dangwalen yatsa a ƙasa. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan an sami iƙirari ta hanyar azabtarwa ko takurawa, ba za a karɓe shi ba sai mai ƙara ya tabbatar, ba tare da shakka ba, cewa ba haka aka same shi ba. A nan akwai bambancin da ke kayar da ɗalibai har da sababbin lauyoyi. Idan mutum ya ce na faɗa amma duka aka yi mini, sai a tsayar da babbar shari'ar a yi ƙaramar shari'a a cikinta kan yadda aka ɗauki bayanin. Idan kuwa cewa ya yi ni ban taɓa faɗin haka ba, ba a yin ƙaramar shari'a. A karɓi takardar, alƙali ya auna nauyinta a ƙarshe. Kuma lokacin da aka miƙa takardar ake tashi a yi suka, ba bayan an karɓe ta ba. Haka nan idan ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin, kotunan sama sun daɗe da tsayawa a kan cewa sai an kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba abin ya zama ji-ta-ji-ta. ACJA ta tanadi a ɗauki bayani a gaban lauya ko jami'in hukumar ba da agajin lauya kyauta, a kuma iya naɗar sa a bidiyo, ga kuma dokar 2017 da ta mayar da azabtarwa laifi mai zaman kansa.

Sai matsalar tsarewa. Majistare ba shi da hurumin sauraron fashi da makami ko kisan kai, amma gabansa ake fara kai mutum, ya tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Idan fayil ya kwanta, mutum ya kwanta. Shi ya sa mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. ACJA ta sa wa'adin kwana 14 a umarnin farko, ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili, daga nan kotu ta nemi hukuma ta zo ta faɗi abin da ya sa ba za a sake shi ba. In kina neman abin da za ki yi rubutun kammala digiri a kai, ga shi nan a ƙofar gida.

Yanzu maganar kawu. Kada ki yi masa gardama da tsarin mulki, ba zai saurare ki ba, kuma zafin da ke ransa gaskiya ne. Wanda ya biya kuɗin fansa ko ya bar gonarsa ba shuka, ba ya buƙatar lacca. Ki zo masa ta inda ya sani. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura Sayyidina Ali Yaman, ya hore shi kada ya yanke hukunci sai ya ji daga ɗaya ɓangaren kamar yadda ya ji daga na farko. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta umarci alƙali ya daidaita mutane a fuskarsa da majalisinsa da hukuncinsa, kuma hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ga dalilin da na ce ki riƙe Murafa'at: a mazhabar Malikiyya akwai i'izari, wato kafin hukunci sai alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Yana nan a littafin Tuhfa na Ibn Asim da alƙalanmu ke aiki da shi, kuma rashin yin sa na rushe hukunci a ɗaukaka ƙara. Malamai kuma sun haɗu a kan cewa ana kawar da haddi da shubuha. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ce a Sakkwato, ba kotun dokar zamani ba, ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa Safiya Hussaini a watan Maris na 2002, kuma cikin dalilanta har da cewa abin da ake zargi ya faru kafin dokar ta fara aiki, wanda shi ne dai abin da sashe na 36(8) na tsarin mulki ya faɗa.

Sannan ki tambaye shi a hankali: ranar da aka yi kame a ƙauye bayan hari, wa ake kwasowa? Mai bindiga yana daji. Wanda ke hannu sau da yawa ɗan acaɓa ne da aka ce ya kai burodi, ko makiyayin da aka gani a hanya, ko wanda abokin gabarsa a rikicin gona ya nuna da yatsa ya ce infoma ne. Cikinsu akwai mai hannu dumu-dumu, akwai kuma wanda tsautsayi ya faɗa wa. Ba a rarrabe su da kallon fuska. Idan aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, an rufe fayil, mai laifin na gaskiya ya samu lafiya, an kuma ƙara wa gari wani gida mai ƙullaci. Ni a ganina, yawancin shari'o'in da jama'a ke cewa lauya ya kuɓutar da ɓarawo, bincike ne aka yi shi sakaka: ba a kira mai binciken ba, kayan shaida sun ɓace, shaidu sun ji tsoro sun ƙi zuwa don ba wanda ya ba su kariya. Wanda ya ƙware a fannin nan ba dole ne ya zama lauyan kariya ba. Ma'aikatar shari'a a Gusau tana buƙatar masu gabatar da ƙara da za su haɗa fayil ɗin da zai tsaya da ƙafarsa har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato, inda ƙararrakin Zamfara da Kebbi ke zuwa, har Kotun Ƙoli.

Ki kuma karanta shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, tunda ta ɗalibai ce irinki. An kori ɗalibai bayan tarzoma, alhali shugaban kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Kotun Ƙoli ta soke korar, ta ce mutum ba ya alƙalanci a ƙarar da yake da ruwa a ciki, kuma zargin laifi irin ƙone-ƙone da sata aikin kotu ne. Cikakken hukuncin za ki nema a ɗakin karatu, ba taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp ba.

Wannan hutun, ki sami kwafin tsarin mulki da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta jiharku, na takarda wanda za ki iya ja wa layi. Ki je wurin rajistaran kotun da ke kusa da ku, ki gaishe shi, ki gabatar da kanki da katin makaranta, ki roƙi ganin jerin ƙararrakin mako. Ki raba kwanakinki tsakanin kotun majistare da kotun shari'a, ki zaɓi ƙara ɗaya a kowacce ki bi ta duk ranar da aka ɗage zuwa gare ta. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa sai in alƙali ya ce a fita, amma ki kashe waya, kada ki ɗauki hoto ko murya, kuma a littafinki ki rubuta lambar ƙara kawai, ban da sunayen mutane.