Ɗaki huɗu, dikoda ɗaya: yaya za a yi kowa ya kalli tashar da yake so?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kano nake, kuma ɗaki huɗu ne ke da talabijin a gidana: falona, ɗakunan iyalina biyu, da ɗakin mahaifiyata. Shekara da shekaru eriya ɗaya muke amfani da ita, an rarraba wayarta, kowa na kama tashar da yake so. Yanzu na sa dikoda a falo, hoto tas, amma sauran ɗakunan ba su samu sababbin tashoshin ba. Wani ya ce sai na sayi dikoda huɗu, wani ya ce waya kawai za a ja. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Duka biyun suna yiwuwa, sai dai ba abu ɗaya za su ba ka ba.

A tsohon tsarin analog, kowace talabijin ita ke zaɓar tasharta. Eriya ta kwaso duk abin da ke cikin iska ta zubo a waya, kowane ɗaki ya tsinci nasa. A tsarin dijital kuwa, gurbin da a da tasha ɗaya ke cinyewa, mai faɗin megahaz 8, yanzu ana cusa masa tashoshi fiye da goma a dunƙule, kuma tsohuwar talabijin ba ta iya warware ƙullin. Dikoda ke warwarewa, tasha ɗaya a lokaci ɗaya. Wato zaɓin tasha ya tashi daga talabijin ya koma dikoda. Wannan sauyi ya samo asali ne daga yarjejeniyar Geneva ta 2006, wadda ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin komawa daga analog zuwa dijital. Najeriya ba ta cimma wa'adin ba, sai a 2016 aka fara a Jos da Abuja, ya iso Kano a 2021, a kan tsarin DVB-T2.

Mai cewa a ja waya yana nufin a ɗauko hoton da dikodar falo ta riga ta buɗe a raba wa ɗakuna. Zai yi, kuma da araha. Amma duk gidan tasha ɗaya za a kalla, rimot kuma yana falo. Kana canzawa zuwa ƙwallo, tafsirin da Hajiya ke saurare ya yanke. A gida mai uwa da mata biyu ba na ba da wannan shawarar, domin na ga yadda ƙaramin abu irin wannan ke jawo ɓacin rai. Ya fi dacewa da shago, ko falo da ɗakin kwanan mutum ɗaya.

Don haka duk ɗakin da ake so ya zaɓi tasharsa, sai ya samu dikodarsa. Eriya dai ɗaya ta isa. Kafin ka kashe kuɗi, duba bayan talabijin ɗin: idan an rubuta DVB-T2, tana iya kama tashoshin da ba a kulle ba ita kaɗai. Ta gwanjo da aka kawo daga Amurka ba za ta yi ba, tsarinsu daban ne, haka ma tsofaffin na Turai masu DVB-T babu lamba 2. Tashoshin kuɗi irin na GOtv da StarTimes kuwa a kulle suke, kuɗin wata na bin lambar dikoda ne, kowacce da nata. Ba dole ne duka huɗun su zama a kan tsarin biya mafi tsada ba. Ka tambayi kowa abin da yake kallo tukuna.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne waya, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Analog yana da haƙuri: sigina ya yi rauni, hoto ya yi dishi-dishi, amma ana kallo a haka. Dijital ba ya wannan. Ko dai hoto tas, ko ya daskare ya farfashe, murya ta riƙa yankewa, can ya ɗauke gaba ɗaya. Wayar da ta yi muku shekara goma lafiya tana iya gazawa yanzu. Ƙaramin ƙarfen nan da ke raba waya, wanda muke kira sifilita, idan mai baki biyu ne kowane ɗaki ƙasa da rabin ƙarfin sigina yake samu. Mai baki huɗu kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne ke isa kowane ɗaki, tun ba a lissafa abin da tsawon waya ke ci ba.

Sau da yawa in na hau rufi, abin da nake tararwa shi ne waya biyu an murɗe bakinsu an naɗe da salatif. Ka warware ka ga tagullar ta yi kore, ragar da ke kewaye ta ruɓe, wani lokaci har ruwan damina ya ɗigo daga ciki. Irin wannan mahaɗa guda ɗaya ta isa ta kashe ɗaki. A canza da waya mai kauri, RG6, a sa mata kawunan ƙarfe masu murɗawa, kowane ɗaki da tasa wayar kai tsaye daga sifilita ɗaya, kada a riƙa raba rababbe. In ana bukatar busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, a sa ta kusa da eriya kafin a raba. Busta a ƙarshen ruɓaɓɓiyar waya hayaniya kawai take ƙarawa.

In farantin tauraron ɗan'adam kake da niyyar sawa, kada a yi masa wannan rabon. Dikoda ce ke tura wa kan farantin wuta, bolt 13 ko 18, gwargwadon tashar da aka zaɓa. Dikoda biyu a waya ɗaya sai su riƙa karo, wasu tashoshi su ɓace a ɗaki ɗaya. A sayi kai mai baki biyu ko huɗu, kowace dikoda da wayarta daga sama.

Kafin ka sayi komai, Malam, cire dikodar falo ka kai ta ɗakin da ya fi nisa da eriya, ka haɗa, ka buɗe shafin sigina. Za ka ga layi biyu, na ƙarfi da na inganci. Na ingancin za ka duba. In ya cika kuma ya tsaya cak, je ka sayo dikoda. In yana hawa yana sauka, fara da mai gyaran waya.