Muryar Yaya daga Amurka kan maganar riƙe gawar marigayi

Ga abin da Yaya ya faɗa a muryar da ya turo da asuba, na rubuta shi saboda waɗanda ba su samu sun saurara ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu ina kwana, ya haƙuri, ya ƙarin haƙurinmu. Goggo Allah ya ba ki dangana, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Kawu na ji muryarka, kana tambaya wai me ya sa yau kwana 2 ba a yi masa sutura ba, kuma su wane ne waɗannan korona da suka riƙe gawar. To bari in yi bayani a tsanake, don na ga hankalin kowa ya tashi.

Da farko dai, ba cutar korona ba ce, don na ji wasu a gida har sun fara cewa ita ce ta kashe shi, a'a wallahi, sunan ofishi ne kawai ya zo kusa da na cutar. Nan Amurka kusan kowace jiha an raba ta kawunti-kawunti, kamar dai ƙananan hukumominmu, mu nan Ohayo muna da 88, kuma kawunti na da jami'in da aikinsa shi ne bin diddigin mutuwar da ba a san dalilinta ba. Shi ne korona ɗin. A jiharmu galibi zaɓensa ake yi da ƙuri'a duk shekara 4, kuma doka ta ce sai likita ne zai tsaya. Wasu jihohin ba haka ba ne, a Indiyana maƙwabciyarmu ko ba likita ba yana iya cin zaɓen sai ya ɗauko likita ya yi masa aikin, a Kalifoniya kuma kawunti da yawa shugaban 'yan sandan kawuntin shi ne koronan, birnin Niyok kuwa tun 1918 suka soke nasu suka naɗa babban likitan binciken gawa. Abin daga Ingila ya samo asali tun 1194, kuma mu ma a Najeriya Turawa sun bar mana shi, majistare ne ke zama a kujerar, in kun tuna lokacin da ginin cocin nan ya rufta a Legas a 2014 ai korona ne ya zauna ya yi binciken.

To me ya kawo su cikin maganarmu? Kawu da a ce a asibiti ya cika, likitansa na kansa, an san ciwon da ke damunsa, da likitan ne zai sa hannu a takarda mu ɗauki gawarmu mu tafi. Amma shi a ɗakinsa aka same shi, shi kaɗai, mutum mai shekara 40 da 'yan kai wanda ranar Litinin ma ya je aiki lafiyarsa ƙalau. Irin wannan doka ta ce dole a sanar da korona, haka wanda ya mutu a hatsari, ko aka kashe shi, ko ya mutu a gidan yari, ko ƙaramin yaro da ya mutu kwatsam. Daga lokacin da aka kira su gawar tana hannunsu, ko ɗan sanda ba ya ɗaga ta sai sun ce.

Kuma ni na zauna da mai bincikensu jiya, wata mata ce, ta zo da littafinta tana tambayata, yaushe na yi masa ganin ƙarshe, yana da hawan jini ne, yana da ciwon suga, wane magani yake sha, wane likita yake gani. Ta riga ta tattara kwalaben magungunan da ke kan teburinsa ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage a ciki. Sannan ta nuna min wata leda mai lamba, ciki akwai walat ɗinsa, wayarsa, agogo, da carbin nan baƙi da ba ya rabuwa da shi, duk an rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ta ce magajinsa kaɗai za a damƙa wa. Wallahi da na ga carbin nan sai da na fita waje na ɗan tsaya kafin na dawo.

Aikinsu shi ne su tabbatar wannan gawar ta wane ce, su nemo danginsa su sanar da su, sannan su gano abin da ya yi ajalinsa da kuma yanayin mutuwar, wato ciwo ne, ko hatsari, ko kisa, ko mutum ne ya kashe kansa, in kuma sun kasa ganewa su rubuta ba a tantance ba. Ba sa kama kowa, ba sa yanke wa kowa hukunci, wannan na 'yan sanda da kotu ne. Mu a gida mun saba mu ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, ajali ba ya wuce lokacinsa, amma Kawu ka san sau nawa aka binne mutum da safe, da yamma aka fara nuna wa kishiya ko maƙwabci yatsa ana cewa an ba shi wani abu, zumunci ya lalace har jikoki, babu wanda ya taɓa sanin gaskiya. Ni dai wannan ɓangaren na aikinsu ina ganin amfaninsa ƙwarai.

Yanzu maganar da na san ita ce ta hana Goggo barci, maganar buɗe gawa. Ba kowa ake buɗewa ba. Wani lokaci duba jikin kawai suke yi daga waje, su ɗibi jini, su karɓo fayil ɗinsa daga asibiti, in abin ya fito fili shi ke nan. Kuma tun a wayar farko na gaya musu Musulmi ne, addininmu ya ce a gaggauta sutura kuma a kiyaye mutuncin mamaci, suka rubuta. Dokar Ohayo ta ba dangi damar su ƙi amincewa saboda addini, in korona ya nace sai ya jira awa 48 don dangi su je kotu, sai dai in ana zargin kisa ne, nan babu wannan damar. Amma ku lura, zuwa kotun ma ƙarin kwanaki ne yana kwance a mutuware. Ina cikin masu wankan gawa a masallacinmu, na wanke waɗanda aka buɗe, ɗinki ne daga kafaɗu biyu ya haɗu a ƙirji ya gangara ciki, an rufe shi tsaf, muna zuba ruwa a hankali ba ma cuɗawa, fuska kuwa lafiya lau. Ba na so a yi, amma in ya zama dole, ba irin abin da mutane ke hasashe ba ne, kuma ba a cire wa kowa sassa a sayar, kuma ba a cajin dangi ko sisi kan binciken.

Sakamakon gwajin jini yana ɗaukar makonni, wani lokaci har wata 2 ko 3, amma ba sa riƙe gawa saboda shi, sai su rubuta ana jiran sakamako a takardar shaidar mutuwa su sake mana shi. Wannan takardar kada a raina ta, da ita matarsa za ta taɓa kuɗin banki, da ita za a nemi inshora da haƙƙinsa na wurin aiki, marayun nan da ita za su ci abinci. Sun ce yau likitan zai duba shi, mun riga mun ba su sunan kamfanin jana'izar da masallaci ke aiki da shi, kabari ma an tanada a sashen Musulmi, in Allah ya yarda muna sa ran sallah bayan Juma'a.

Abin da nake buƙata daga gida kafin azahar ɗinku, a turo min cikakken sunan mahaifinsa da na Goggo yadda suke a takardu, da garin da aka haife shi da ranar, kamar yadda yake a fasfo, don kar a samu saɓani a takardar. Kuma Kawu don Allah ka sa wani ya zauna kusa da Goggo da waya, zan kira da zarar sun kira ni.