Ga ƙanena mai son zuwa Sikotilan karatun lantarkin iska

Ƙanena, saƙonka ya iso. Kai ne na huɗu a bana da ya ga hoton fankokin lantarkin iska na Whitelee, kudu da Glasgow, ya ce shi ma fannin nan zai zo karanta. Fanka 215, megawat 539, dole su burge ka. Sai dai ni ba na kafa fanka. Aikina binciken muhalli ne kafin a ba da izini, kuma rabinsa a daji ake yi.

Duk aikin da ya haura megawat 50, ministocin Sikotilan ke yanke masa hukunci. Kafin takarda ta kai gabansu, yawanci sai an yi shekara 2 ana ƙirga tsuntsaye. A kowane wurin tsayawa za ka zauna awa 36 lokacin ƙyanƙyasa, wasu 36 lokacin sanyi, kana rubuta tsayin da gaggafa take tashi, don a san ko fiffiken fanka zai doke ta. Ga kuma baƙar ƙasar dausayi, wadda ta shekara dubbai tana tara iskar kabon. Kowane mita 100 sai ka soka mata sandar ƙarfe ka auna zurfinta. Na yi wannan cikin ruwan sama har yatsuna suka daina jin biro.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba sanyin ba ne. Na gama digiri na biyu da sakamako mai kyau, na yi wata 11 ba aiki. Wani kamfani ko duba takarduna bai yi ba, tambaya biyu kawai: kana da lasin tuƙi na nan? Za ka gane tsuntsu da kukansa? Babu malamin da ya taɓa gaya mini haka. Lasinka na Najeriya wata 12 zai yi maka, ba a musanya shi, sai ka sake jarrabawa. Yau, alhamdulillahi, babin tsuntsaye na rahotonmu ba ya fita sai na sa hannu, amma da gumina na samu.

In kuma lissafinka ka dawo gida da ilimin, tuna shekarun da aikin lantarkin iska mai megawat 10 na Lambar Rimi a Katsina ya ci. Kada ka bari Baba ya sayar da gona tukuna. Ka nemi tabaran hangen nesa, ka tafi dausayin Haɗeja da Nguru da hunturun nan, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka, ka cika littafi guda da sunayensu, sannan ka sake rubuto mini.